Gine-ginen En'e: Shaidar Katin Gidan Waya da Labarin Isa da Sabon Birni

Ku dattawa da kuka yi aikin En'e, da ku samari da kuka gaji kujerunsu a ƙananan hukumomi da majalisun sarakuna, ga wani ɗan labari a kan gidajen da aka yi wannan aiki a cikinsu. An fara rage wa En'e ƙarfi tun zamanin Janar Gowon, sa'ad da aka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannunta, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na shekarar 1976 ya naɗe tabarmarta gaba ɗaya. Mutanen da suka yi aikin suna ta raguwa, gidajen kuwa da yawa sun riga su tafiya. Waɗansu damina ta cinye su, waɗansu an rushe su an yi na siminti a gurbinsu.

Cikin shaidun da suka saura akwai wani ɗan ƙarami wanda ba a cika kula da shi ba, watau katin gidan waya mai hoto, irin wanda Turawa ke aika wa danginsu a gida. Yanzu ma ana sake buga waɗansu da girma, ana sayarwa don a rataya a bango. To, amma ku kun san aikin shari'a. Alƙali ba ya yanke hukunci don ya ji mai shaida ya yi magana da daɗi, sai ya tambaye shi inda ya tsaya, da abin da ya gani da idonsa, da abin da ya ba baya, da kuma wanda ya kawo shi. Haka za mu yi wa wannan kati.

Asalin kati

A ƙasar Austiriya aka fara katin gidan waya, cikin shekarar 1869, Ingila ta bi a 1870. Da fari ba hoto, farar takarda ce mai kauri da kan sarki a jikinta. A 1894 aka yarda wa 'yan kasuwa a Ingila su buga nasu, a 1902 kuma aka raba bayan katin biyu, gefe ɗaya adireshi, gefe ɗaya saƙo, aka bar wa hoto fuska guda sukutum. Daga nan sai abin ya zama yayi. Ku duba fa, wannan yayi ya zo daidai da lokacin da Turawa suka ci ƙasarmu, gama sun shiga Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, suka shiga Sakkwato ran 15 ga Maris na wannan shekara. Saboda haka farkon mulkinsu da ganiyar kati tare suka tashi.

Masu ɗaukar hoton ba Turawa kaɗai ba ne. A Ikko akwai baƙaƙen fata masu wannan sana'a, kamar Holm da George Da Costa, shi Da Costa har ya ɗauki hotunan aikin hanyar jirgin ƙasa. A ƙasar Faransa kuwa akwai Fortier na Dakar, wanda ya buga katuna dubbai na Afirka ta Yamma. Galibi akan aika da hoton Turai a buga, kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ma sau da yawa a Jamus ake bugawa. Waɗansu akan bar su baƙi da fari, waɗansu kuma a shafa musu launi, mai shafawar kuwa bai taɓa ganin ƙasar ba. Shi ya sa wani lokaci za ka ga jar ƙasar Kano ta koma wata kala dabam. Akwai kuma wani kamfani a Landan, Raphael Tuck, wanda daga 1903 ya riƙa buga katunan da aka kwaikwayo daga zanen fenti, na ƙasashe iri iri da ke ƙarƙashin Ingila. Ran 29 ga Disamba 1940 jiragen Jamus suka yi wa Landan ruwan wuta, gidan wannan kamfani ya ƙone da ainihin zane-zanen da ke ajiye a ciki. Katunan da aka riga aka watsa cikin duniya su suka tsira. Ashe ko a Landan abin da aka tara wuri ɗaya ba shi da tabbas.

Inda mai shaida ya tsaya

Mai buga kati ɗan kasuwa ne, abin da za a saya shi yake bugawa. Masu saye kuwa su ne Razdan da Di'o da sojoji da ma'aikatan kamfanoni da masu wa'azin mishan, suna so su nuna wa mutanensu abu biyu: cewa ƙasar da suke zaune tsohuwa ce mai ban mamaki, da cewa su sun kawo mata sabon tsari. Saboda haka katunan Arewa sun kasu kashi biyu. Kashi ɗaya ganuwa da ƙofofin gari da kasuwa da marina da ƙofar gidan sarki. Kashi ɗaya kuma tashar jirgi da gada da gidan waya da ofis da kotu da makaranta.

Mai hoto yana bin hanyar jirgi. Dogo ya iso Kano a 1911, Kaduna ta zama mazaunin Gwamnatin Arewa a 1917 bayan an taso daga Zungeru, don haka Kano da Zariya da Kaduna suka fi kowa yawan hoto. Har abin ya kai a 1924, da aka yi babban baje kolin ƙasashen Ingila a Wembili kusa da Landan, sai aka gina wa Afirka ta Yamma wani gari mai ganuwa, aka kwaikwayi ganuwar biranen Arewa, aka kai masu sana'a daga nan ƙasar suna aiki mutane suna kallo, aka kuma buga katunan wurin. Mutumin Ingila da ya sayi wannan kati ya ga ganuwar Hausa wadda ba ta taɓa shan ruwan Agusta ba.

Akwai gidaje uku na ƙasa daga wancan zamani da suka tsira, waɗanda mai son ya gwada hoto da ainihin gini zai iya zuwa ya gani. Na ɗaya Gidan Makama a Kano, tsohon gida tun kafin Turawa, wanda suka yi ofis a ciki, daga baya aka yi makaranta. Na biyu Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, shi ne ya fara makarantar Gwamnati a can a 1909. Na uku Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe ran 5 ga Maris 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, Allah ya jiƙansu. Kwalejin ta tashi zuwa Kaduna a 1938, ginin ya zauna. Duka ukun an mai da su gidajen adana kayan tarihi. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi: sun tsira ne domin an sami hukumar da ta ɗauki nauyin gyaransu.

Yadda aka yi ginin

Abin da ke ba mai kallo mamaki a waɗannan hotuna shi ne, ofis na sabon mulki ne, amma hannun da ya gina shi na maginan gargajiya ne. Dalili a fili yake. Siminti da kwano da ƙarfe daga Turai ake kawo su, su hau jirgin ruwa, su hau na ƙasa, sa'an nan su hau kan 'yan alaro ko bayan raƙumi. Gwamnatin Arewa kuwa matalauciya ce a farkon zamani, har sai da Ingila ta riƙa tallafa mata kowace shekara kafin a haɗa Kudu da Arewa a 1914. Ga ƙasa kyauta a kududdufi, ga magina gwanaye a kowane birni ƙarƙashin Sarkin Magina, ga kuma soro da sanyi cikin bazara. Sai aka ɗauki abin da ke hannu.

Wannan sana'a ba ƙarama ba ce. Tun kafin Turawa da shekaru masu yawa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya, wanda masana gini na duniya suka yi ta zuwa gani. Akan kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta ruɓa, a cura tubali a shanya, a jera shi a bi da kwaɓi, gindin bango ya yi kauri, yana sama yana sirancewa. Rufi da azara ake yi, watau tsagin giginya, gama gara ba ta cika cinta ba. Amma azara in ta wuce kamar ƙafa shida ba abin tokara, sai ta lanƙwashe ƙarƙashin nauyin ƙasa. To, ɗakin shari'a ko na majalisa yana bukatar faɗi. Nan ne gwaninta take: magini zai fito da azara daga bango hawa hawa, kowane hawa ya ɗara na ƙasansa, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, har na wannan gefe ya sadu da na wancan, ya zama bakan gizo. In aka gicciya bakan gizo da juna aka rufe sama, shi ne ɗaurin guga. Daga waje a yi rawani da zankwaye, a sa indararo ya zubar da ruwa nesa da bango, a shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa, rufin kuma a bi shi da laso wanda ake haɗawa da katsin marina.

Abin da sabon mulki ya ƙara wa wannan gini kaɗan ne, amma kowane ɗaya yana faɗin irin aikin da ya zo da shi. An faɗaɗa taga, domin malami ya ga layin littafi. An yi baranda, domin masu jiran a kira su su sami inuwa. An rataya agogo, domin aiki ya koma na awa. An kuma yi ɗaki mai ƙofar ƙarfe da akwatin ƙarfe a ciki, domin kuɗi. In ka ga waɗannan huɗu a jikin soro cikin tsohon hoto, to, gidan En'e kake kallo.

Kuɗin ginin

Kati ba ya faɗin wanda ya biya. Ku kun sani, amma ya kamata a rubuta don na baya. A Katsina aka fara baitulmali na sabon tsari, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Razdan Palmer, kafin 1910, sa'an nan aka yaɗa shi sauran ƙasashen sarakuna. Kafin wannan, rabon sarki na haraji nasa ne, ya yi yadda ya ga dama. Bayan wannan sai aka yanka wa sarki albashi, da alƙali, da hakimi, da malamai, ragowar ta zauna hannun Ma'aji, ba a fitar da ko anini sai da takarda. Da fari rabi da rabi ake yi da Gwamnati, daga baya rabon manyan En'e ya ƙaru. Kowace shekara a rubuta ƙiyasin abin da zai shigo da abin da zai fita, Razdan ya duba, a cikinsa kuwa akwai layin sababbin ayyuka da layin gyara.

Da wannan kuɗi En'e ta Kano ta yi asibitin cikin birni, ta kawo ruwan famfo da lantarki a 1931 zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Kano tana da gyaɗa da dogo, ta iya. Sakkwato ƙasa ce mai faɗi, gundumomi da yawa, nesa da dogo, don haka nata kuɗin ya watsu cikin ƙananan ayyuka a wurare masu nisa. Amma ko a Kano ko a Sakkwato, tushen kuɗin ɗaya ne: harajin talaka da jangalin makiyayi. Manomin da ya sayar da damin gero ya biya sule-sulensa, da Bafulatanin da aka ƙirga wa shanu, su ne masu gidan da ke cikin hoto, ko da yake in sun fito a ciki, akan gan su ne a gefe, tsugune a inuwa.

Isa da Sabon Birni

Yanzu bari mu bar manyan birane mu nufi arewa maso gabas da Sakkwato, inda masu hoto ba safai suke kai wa ba. Wannan ƙasa ta san sarauta da gini tun kafin a haifi kakan mai kati. A nan Alƙalawa take, a bakin gulbin Rima, birnin da Gobirawa suka mai da mazauninsu cikin ƙarni na 18 bayan sun ci Zamfara, inda Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki. A 1808 jama'ar Shehu suka ci birnin, Sarkin Gobir Yunfa ya mutu a ciki. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, Gobirawan da suka ƙi mubaya'a suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Isa ta zama ribaɗi a bakin iyakar Sakkwato. Can cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 19 Ɗan Halima, ɗan gidan sarautar Gobir, ya rabu da Tsibiri ya kafa Sabon Birni kusa da kufan kakanninsa. Shi ya sa sarautar garuruwan nan biyu kowace Sarkin Gobir ake ce mata.

Da Turawa suka zo, gini na farko da ya taɓa rayuwar mutanen wannan yanki ƙanƙane ne ƙwarai, watau alamar iyaka. A 1898 Ingila da Faransa suka zana wani baka a takarda, mil 100 daga Sakkwato. Faransawa suka ga hanyarsu ta zuwa Damagaram ba ruwa, suka nemi gyara, aka gyara a 1904 da 1906, sa'an nan Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi ƙasa tsakanin 1906 da 1908 suna kafa alamu. Tsibiri da Maraɗi da Madawa suka faɗa wa Faransa, Isa da Sabon Birni suka faɗa wa Ingila. Ɗan'uwa ya koma yana kai haraji wurin Kwamanda, ɗan'uwansa yana kai wa hakimin Sarkin Musulmi. Ba mai sayen katin tarin duwatsu a daji, amma ba wani soro da ya sāke zaman Gobirawa kamar waɗannan alamu.

A gefen Ingila aka mai da Isa da Sabon Birni gundumomi ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Tsarin Turawa shi ne kowane hakimi ya zauna a ƙasarsa, kuma mazaunin hakimi a lardunan Arewa kusan fasali ɗaya gare shi. Akwai zauren hakimi, inda dagatai ke kawo haraji, malami yana zaune da littafi da rasit. Akwai ɗakin alƙali. Akwai bariki a bayan gari, inda Di'o ke sauka in ya fito rangadi. Akwai rumfunan kasuwa. Daga wajen 1930 aka riƙa ƙara ɗakin shan magani da makarantar elemantare da rijiyar siminti, gunduma bayan gunduma, gwargwadon abin da baitulmali ya iya. A 1929 dogo ya iso Ƙauran Namoda ta Gusau, aka sami tashar da ta fi kusa da wannan yanki. Gyaɗa da auduga da fata suka riƙa gangarawa can, kwano da siminti suka riƙa haurowa, kaɗan kaɗan, gama kowane bandir sai ya biyo ta Shinkafi a kan dabba ko a mota in rani ya yi.

Waɗannan gidaje ba su da kyan da zai ja hankalin ɗan kasuwan Landan. Amma ku duba da kyau. Talakan Gobir bai taɓa ganin Gwamna ba, da wuya ya ga Razdan, mai yiwuwa bai taɓa zuwa Sakkwato ba. Abin da ya sani na mulki shi ne wannan zaure da wannan ɗakin alƙali. A nan ake raba masa gado, a nan ake karɓar kuɗinsa, a nan ake wanke masa gyambo, a nan ɗansa ya fara riƙe fensir. In an yi masa adalci, a nan aka yi, in an zalunce shi ma, a nan ne. Sunan En'e, mai kyau ko mummuna, a ƙananan ɗakunan nan aka samo shi.

Abin da mai shaida ya ba baya

Akwai abu biyu da kati bai nuna ba, tilas kuwa a faɗe su ko da a ranar tunawa ce. Na farko shi ne gumin da ba a biya ba. An yi dogon Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911 da leburorin da aka ɗora wa sarakuna da hakimai su kawo. Gyaran hanya da gyaran bariki da ɗaukar kayan Bature, galibi a kan ƙauyuka ake azawa, dagaci ya fitar da mutane ko suna so ko ba sa so. An yi dokar rage aikin tilas a 1933, duk da haka cikin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, aka yi ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos, mutane da yawa ba su komo ba. Umurni daga sama yake zuwa, amma ta hannun ma'aikatan En'e ya bi. Wanda ya ci ladan kuturu, ai shi zai yi masa aski. Mai son a yaba masa makaranta da rijiya, sai ya yarda a tuna masa da wannan kuma.

Na biyu shi ne gyara. Hoto rana ɗaya yake kamawa, galibi kuwa ranar da aka gama yaɓe, bango yana sheƙi. Amma ginin ƙasa ba a gama shi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an duba rufi, a toshe tsaga, a share bakin indararo, a maye makuba inda ta zube. In aka yi sakaci shekara ɗaya, ruwa ya sami hanya. Shekara biyu, azara ta jiƙe. Shekara uku, rufi ya rufta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka duk soron En'e da aka gani a tsaye cikin hoto, shaida ne cewa a wannan shekara wani malami ya rubuta layin gyara cikin ƙiyasi, Ma'aji ya fitar da kuɗin, mai kula da ayyuka ya kai su, magini ya hau. Mutum huɗu ko biyar sun riƙe amana ba wanda ya ɗauki hotonsu. Wannan ita ce shaidar kati mafi daraja, shi kansa mai katin kuwa bai san ya ba da ita ba.

Da kwano da siminti suka yi araha bayan yaƙi, sai aka ga kamar an huta da wannan wahala. Aka rushe tsohon masallacin Kano na ƙasa aka buɗe sabo a 1951. Masallacin Shehu da na Bello a Sakkwato aka sāke su da ginin zamani. Na Zariya aka kewaye abin da ya saura na aikin Babban Gwani da sabon gini. Ofisoshi da kotuna da makarantu suka bi wannan hanya. Akwai amfani a ciki, ba mai musu. Amma an yi hasara biyu: magina suka rasa babban mai ba su aiki, sana'ar ɗaurin guga ta ja baya, sa'an nan ma'aikata suka manta da al'adar duba rufi kowace shekara, suna zaton siminti ba ya son kulawa. Wanda ya ga azuzuwan makaranta da iska ta yaye wa kwano aka bar su haka shekara da shekaru, ya san amsar wannan zato.

Abin da ya rage gare mu

Maƙwabtanmu sun ga yadda gari ke ɓacewa dare ɗaya. A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohuwar Maraɗi da ke cikin kwari, Faransawa suka mai da garin kan tudu suka yanka masa tituna miƙaƙƙu. Alƙalawa kuwa, birnin da ya girgiza Zamfara da Katsina, ta faɗi tun ba a ƙago na'urar hoto ba, abin da ya saura kufai ne da kaburburan sarakuna da abin da maroƙa suka riƙe a baki. Ofishin da aka yi shekaran jiya a Kano yana da hoto, fadar Bawa ba ta da shi. Wannan ya isa ya nuna mana cewa yawan hoto ba shi ne ma'aunin girma ba, ya kuma nuna mana cewa abin da ba a rubuta ba, ba a ɗauka ba, ba a gyara ba, ƙasa za ta karɓi abinta.

Isa da Sabon Birni yanzu ƙananan hukumomi ne a Jihar Sakkwato, kuma cikin shekarun nan sun sha wahalar 'yan bindiga, ƙauyuka sun watse, mutane sun yi gudun hijira, waɗansu har ƙetaren iyakar nan ta Tilho. A irin wannan hali tsohon ɗaki da tsohuwar takarda su ne farkon abin da ke salwanta, gama mai gudun ransa ba ya ɗaukar littafin haraji. Don haka abin da za a yi, a yi shi da wuri. Duk inda wani zaure ko ɗakin alƙali ko aji na zamanin En'e ya saura a tsaye, a ɗauki hotonsa gaba da baya da ciki, yanzu da kowa ke da na'ura a aljihu. A tambayi tsofaffi wanda ya gina, da hakimin da aka yi a zamaninsa, da ƙauyen da ya kawo azara, a rubuta a bayan hoton. Wanda ke da tsohon hoto ko rasit ko takardar kama aiki ta mahaifinsa, ya sa a kwafa, a ajiye ɗaya a gida, ɗaya a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, kada a tara wuri ɗaya a yi irin ta kamfanin Landan. Ku kuma masu rubuta kasafin ƙaramar hukuma, kada ku raina layin gyara don ba a yanka masa ƙyalle, ba a kiran makaɗa ranar da aka toshe tsaga.

Mai kati ya ɗauki gaban gida ya tafi, ya yi abin da ya kawo shi. Bayan gida da cikinsa da sunayen waɗanda suka yi gumi, wannan namu ne mu cika. Allah ya jiƙan magabata, maginansu da malamansu da talakawan da suka biya, ya ba ƙasar Gobir lafiya, ya ba masu riƙe da amana ikon riƙe ta.